Tempera: asalin sunan, da yadda ake haɗa fenti da gwaiduwar ƙwai

Duk wanda ya taɓa ganin ana haɗa tawada a makarantar allo ya san baƙin tukunya shi kaɗai ba ya kama takarda. Da ya bushe, hannu na taɓa shi zai kakkaɓe. Ƙaron da ake jiƙawa a zuba shi ke riƙe baƙin. Kowane fenti haka yake: akwai garin launi, akwai kuma danƙon da ke manna shi a jikin abin da aka shafa, kuma yawanci daga danƙon ne fenti ke samun suna. In mai ne a ce fentin mai. In gwaiduwar ƙwai ce, masu zane suna ce masa tempera.

Kalmar ta Italiyanci ce, tushenta kuma temperare na harshen Latin, wato gauraya abubuwa bisa gwargwado yadda wani ba zai rinjayi wani ba, kamar dai abin da muke nufi da sirka ruwan zafi da na sanyi. Babu ƙwai ko kaɗan a cikin ma'anarta ta asali. Masu zanen Italiya na da suna kiran duk wani danƙo da aka sirka launi da shi tempera, ko ƙwai ne, ko ƙaro, ko danƙon fata. Haka mai zanen Italiya Cennino Cennini ya yi amfani da kalmar a littafinsa Il Libro dell'Arte, wanda ya rubuta wajen shekarar 1400, kuma har yau shi ne madogara a wannan sana'a. Cennini almajirin Agnolo Gaddi ne, Agnolo kuma ɗan Taddeo Gaddi ne, wanda ya koyi aiki a hannun shahararren mai zane Giotto, don haka abin da ya rubuta gadon gidan sana'a ne da ya bi hannu zuwa hannu. Sai da fentin mai ya mamaye Turai, wajen 1500, sannan sunan ya tsuke ya koma kan tsohuwar hanyar, musamman ta gwaiduwa, don a bambanta ta da sabuwar.

Mai ya yi nasara ne don yana jinkirin bushewa, ana iya narkar da launi cikin launi a tsanake, kuma duhunsa ya fi zurfi. Amma mai yana yin rawaya da duhu in ya tsufa, ƙwai kuwa ba ya yi. Babban allon Maestà da Duccio ya zana da fentin ƙwai wa majami'ar birnin Siyena na Italiya tsakanin 1308 da 1311 yana nan launukansa da haske. Masu zanen cocin Girka da Rasha ba su taɓa barin hanyar ba, kuma a Amurka Andrew Wyeth da ita ya yi sanannen zanensa Christina's World a 1948. Sai a kula da abu guda: fentin yara da ake sayarwa a shagunan littattafai, wani lokaci da sunan tempera a jikinsa, ba shi da ƙwai. Sunan ne kawai ya ara.

Dalilin da ya sa gwaiduwa ke aiki shi ne ita kanta haɗin mai da ruwa ce. Kusan rabinta ruwa ne, kusan kashi 1 cikin 3 mai, abin da ya rage furotin, kusan kashi 16 cikin 100. Akwai wani sinadari a cikinta, lesitin, da ke hana man da ruwan rabuwa. Shi ya sa ake tsinka ta da ruwa lokacin aiki, amma in ruwan ya tafi sai furotin da man su daskare su riƙe launin. Farin ƙwan kusan duk ruwa ne, ba shi da mai, in ya bushe yana da gautsi. Masu ƙawata littattafan hannu a Turai sun yi amfani da shi a kan fatar rubutu, amma ba shi ake nufi a nan ba.

Allon da za a zana

Rabin wahalar aikin a nan take, kuma a nan masu koyo suka fi yin sakaci. Fentin ƙwai in ya bushe ba ya miƙewa, saboda haka ba ya son ƙyallen da ke lanƙwasa. Yana son abu mai tauri, fari, mai shan ruwa. Ba a shafa shi a kan fentin bango ko fentin mai, domin ba zai sami inda zai kama ba, zai ɓare. Bangon da ke jawo danshi ma ba wurinsa ba ne. Leonardo da Vinci ya zana Jibin Ƙarshe a kan irin wannan bango a birnin Milan tsakanin 1495 da 1498, kuma tun yana raye zanen ya fara lalacewa.

Ka sa kafinta ya yanko maka katakon MDF ko filawud mai kyau, kauri milimita 9 zuwa 12, faɗi kamar santimita 20 da 30 don gwajin farko. Ka goge fuskarsa da sanfefa har ƙyallin ya tafi.

Danƙon da ake buƙata na fata ne. Mafi sauƙi shi ne garin jelatin marar ɗanɗano da masu kayan kek ke sayarwa: giram 20 a ruwa mililita 250. A bar shi ya jiƙa minti 30, sannan a ɗora kwanon cikin wata tukunya mai ruwan zafi har ya narke. Kada ya tafasa. In zafinsa ya wuce digiri 60, wato yatsa ba ya iya zama a ciki, ƙarfinsa ya fara raguwa. Wanda ke son ya yi na gargajiya, Sakkwato ba ta rasa fatar akuya, kuma Cennini da kansa daga guntayen fatar akuya da ƙafafu da jijiyoyi ya ce a dafa danƙo, a watan Janairu ko Maris lokacin sanyi da iska. Ana neman guntayen ɗanyar fata, a cire gashi da kitse, a wanke gishirin tas, a jiƙa kwana ɗaya, a dafa da wuta kaɗan-kaɗan har ruwan ya koma kashi 1 cikin 3, a tace. Fatar da ta riga ta sha bagaruwa a majema ba ta ba da danƙo, komai daɗewarta a wuta.

Da wannan ruwan danƙon, yana da ɗumi, za ka shafe katakon gaba da baya da gefuna, ka bar shi ya kwana. In filawud ne, ka jiƙa siririn farin yadi na auduga cikin danƙon ka shimfiɗa a fuskarsa ka fitar da iska da tafin hannu, domin jijiyar katakon tana motsi tsakanin damina da rani, kuma yadin ne ke hana tsagar ta fito sama.

Sai farin shafe, wanda Italiyawa ke kira jeso. Ana yin sa da garin alli mai laushi, irin wanda masu haɗa fenti ke saye a buhu da sunan kalsiyam. In ba a samu ba, garin POP na silin yana yi, amma sai an kashe shi: a barbaɗa kilo 1 cikin bokitin ruwa lita 10, a yi ta juyawa minti 30 ba tsayawa don kada ya daskare, daga nan kullum a juya a sauya ruwan, har wata guda. A tsane shi a ƙyalle, a shanya, a niƙa. Wannan ita ce hanyar da Cennini ya bayar, kuma wanda ya gajarta ta zai ga garin yana yin gudaji.

Ma'aunin shi ne kofi 1 na ruwan danƙo mai ɗumi, kofi 1 zuwa 1 da rabi na gari. Ka riƙa rairaya garin a kan ruwan ta rariya, ka bar shi ya nutse da kansa, sai a ƙarshe ka juya a hankali ka tace da ƙyalle. Kaurinsa ya zama kamar na kunun tsamiya marar kauri. Kada ka kaɗa shi da ƙarfi. Kumfar da ta shiga ita ce ke zama ƙananan ramuka kamar hujin allura, kuma shafe na gaba ba ya cike su, sai dai ya maimaita su. Shafen farko a murza shi da yatsu ya shiga yadin. Sauran da buroshi mai faɗi da laushi, sau 6 zuwa 8, wannan a tsaye na gaba a kwance, kowanne da zarar na baya ya daina sheƙin ruwa. Bayan katakon ma a ba shi nasa, in ba haka ba fuskar za ta ja shi ya lanƙwashe. A gama duka a rana ɗaya, a inuwa, ba a gaban fanka ba.

Yanayin Sakkwato yana da tasiri a nan. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, danƙon fata yana lalacewa cikin kwana ɗaya, shafen kuma yana bushewa tun buroshi bai kai ƙarshen katako ba. Safiyar hunturu ta fi, a ɗaki rufe saboda ƙura. Bayan kwana 2 ko 3 a goge da sanfefa mai lamba 220, a bi da 400. Dabarar gane inda ya rage: a barbaɗa garin gawayi kaɗan a share, duk inda baƙi ya maƙale akwai kwari, a ci gaba da gogewa. Idan jeson ya tsattsage, danƙon ya yi ƙarfi. Idan yana barin fari a hannu kamar allin makaranta, ya yi rauni.

Garin launi

Ƙasa ita ce launin da ya fi dacewa da ƙwai, kuma ba ta kuɗi ba ce. Jar ƙasa da mai ruwan ɗorawa da ake samu a bakin kwari ko inda aka yanka hanya duk suna yi, muddin an wanke su. A dama ƙasar da ruwa mai yawa a bokiti, a jira minti 1 yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan mai launi cikin wani bokitin ta ƙyalle, a bar shi ya kwana. Da safe a zubar da ruwan sama, laushin da ya kwanta shi ne launin. Mai ruwan ɗorawar in aka gasa ta a gwangwani kan garwashi tana komawa ja, domin zafi yana korar ruwan da ke ɗaure da tsatsar ƙarfen da ke cikinta. Ƙasa ɗaya ke nan ta ba da launi biyu.

Masu kayan gini suna sayar da garin kalar siminti, ja da rawaya da baƙi, wanda shi ma tsatsar ƙarfe ce kuma rana ba ta kashe shi. Baƙi kuma ana samunsa daga gawayi mai laushi ko kunkunniyar fitila. Kunkunniya tana da maiƙo, tana ƙin ruwa, sai an ɗiga mata sifirit kafin ta jiƙu. Shuɗi akwai bula ta gari, a wanke ta sau 3 ko 4 a riƙa zubar da ruwan sama don abin da aka gauraya mata ya fita. Fari sai a nemi hodar taitaniyam wajen masu kemikal, domin alli in ya haɗu da gwaiduwa yana zama garai-garai, ba ya rufe komai. Garura da sauran rinin yadi da na fata ba su da amfani a nan: narkewa suke yi a ruwa, su ratso kowane shafe da aka ɗora, rana kuma ta kashe su.

Kada a niƙa dutsen da ba a san shi ba don launinsa ya yi kyau. Dutsen tozali yana ɗauke da dalma, kuma abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ya isa darasi. Ko launin da ba shi da guba, a niƙa shi a jiƙe, da takunkumi, kuma ba da turmin girki ba.

Niƙan ana yin sa a kan gilashi mai kauri ko tayil, da gindin kwalba mai faɗi ko dutse mai santsi. A ɗiga ruwa a yi ta murzawa a zagaye har ƙarar yashi ta ɗauke. A kwashe kowane launi cikin ƙaramar kwalba mai murfi, a zuba ruwa kaɗan a kansa. A haka yana watanni, tunda ba a sa masa ƙwai ba tukuna.

Ƙwan

Sabon ƙwai ake so, domin na tsohon tantaninsa ya yi rauni, yana fashewa a hannu. Na gidan gona da na kajin gida duk suna yi, haka ma ƙwan zabi da ke cika kasuwa da damina. Cennini ya lura cewa gwaiduwar kajin birni ta fi ta ƙauye haske, har ya ce a yi fuskokin matasa da ta birni, na tsofaffi da ta ƙauye. Bambancin ba mai ɗorewa ba ne, rawayar gwaiduwa tana kwantawa in zanen ya sha haske.

Ka fasa ƙwan ka raba farin. Ka ɗora gwaiduwar a tafin hannu, ka riƙa mirgina ta daga wannan hannu zuwa wancan kana goge hannun da ya huta a tsumma, har bayanta ya bushe. Sai ka kama tantanin da yatsu biyu a saman kofi, ka huda ƙasansa da tsinke, abin cikin ya zube, ka jefar da tantanin. In ya faɗa ciki zai zama zare-zare a bakin buroshi. Gwaiduwa ɗaya tana ba da kusan babban cokali 1. Ka ƙara mata ruwa daidai yawanta ka girgiza. Ruwan ya zama mai tsabta, na leda ko na sama da aka tace. Ruwan rijiyar da ke barin farin tabo a buta a guje shi. Wanda ya je sayen tataccen ruwa wajen masu batir ya tabbatar ba asid aka ba shi ba, tunda duka biyun ruwan batir ake ce musu.

Wasu na ɗiga khal don ƙwan ya daɗe. Ba mu ba da wannan shawarar: tsami yana cin alli, yana kuma kashe shuɗin bula. Ƙwai ba shi da tsadar da za a yi masa tanadi, a fasa sabo kowace rana. Da zafi, a ajiye kofin cikin kwanon ruwan sanyi, a rufe saboda ƙuda.

Yanzu sirkin kansa. A ɗebi ƙullun launi a faranti, a sa masa ruwan gwaiduwa kusan daidai yawansa, a cuɗa da buroshi. Wannan mafari ne kawai, don kowane launi da ƙishinsa. Baƙin kunkunniya da taitaniyam suna shan ƙwai fiye da jar ƙasa. Gwaji ke raba gardama. Ka shafa ɗan layi a gilashi, ka bar shi ya bushe sosai, ka kankare da reza. In ya tashi a naɗe kamar siririyar leda, haɗin ya yi. In ya zube gari, ƙwai ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana maƙale wa rezar da maiƙo, ya yi yawa. Da zarar gwargwadon launi da ƙwai ya daidaita, ruwa kuma sai yadda ka so, ƙara shi ba ya ɓata haɗin. Ka haɗa abin da za ka shafa cikin minti 15 ko 20 kaɗai. Wanda ya bushe a faranti ya tafi ke nan, ba a tayar da shi da ruwa.

Shafawa

A fara fitar da zanen a takarda, a kwafe shi kan allon, a bi layukan da tawada tsararriya. Zayyana, dagi, rubutun ado, ganye da fure, fuskar gini, duk suna karɓar wannan fenti fiye da yadda ake zato, domin yana son layi mai kaifi. Buroshin ya zama mai laushi mai tsini. Ka tsoma, ka matse shi tsakanin yatsa da tsumma har ya kusa bushewa, sannan ka ja layi ɗaya ka wuce. Kada ka koma kan wurin sai ya bushe, wanda da hunturu daƙiƙoƙi ne kawai. Komawa kan danshi shi ke ɗaga na ƙasa ya bar farin rami, kuma duk ƙoƙarin cike shi nan take faɗaɗa shi yake yi. In hakan ta faru, ka ƙyale wurin ya bushe, ka cike shi da ɗigo-ɗigo da tsinin buroshi.

Ba a narkar da launi cikin launi kamar a fentin mai. Inuwa da haske ana gina su ne da siraran layuka gefe da gefe, wasu su gitta wasu, shafe kan shafe, har 20 ko fiye a wuri ɗaya. Launi tsararre a kan wani yana barin na ƙasa ya leƙo, farin jeson kuma yana mayar da haske ta cikinsu, daga nan ne hasken tempera ke fitowa. Masu zanen Italiya har koriyar ƙasa suke shimfiɗawa a ƙarƙashin fuska kafin su ɗora ja da fari, shi ya sa tsofaffin allunan da samansu ya goge ake ganin fuskokin da kore-kore. Abin da fentin ba ya yafewa shi ne kauri. Duk inda aka tara shi, ruwan na tafiya zai tsuke ya tsage ya ɓare.

Buroshi a riƙa ɗauraye shi a kai a kai, a ƙarshe a wanke da sabulu da ruwan sanyi. Ruwan zafi dafa ƙwan yake yi a gindin gashin.

Zanen yana bushewa ga taɓawa nan da nan, amma bai ƙosa ba. Yana ɗaukar wata 6 zuwa shekara kafin ya yi taurin da ruwa ba ya ɗaga shi, kuma kafin nan farce ma yana iya yi masa tabo. A jingine shi inda akwai haske da iska, ba rana kai tsaye ba. Makonnin farko kyankyaso da kiyashi da ɓera suna bin ƙamshin ƙwan, kuma kyankyaso na iya cinye fuskar zane a dare ɗaya, don haka a kife masa akwatin raga irin ta taga. Da damina kada a sa shi a leda ko a manna masa gilashi, funfuna za ta kama shi. In za a sa firam, a bar tazara tsakanin gilashin da fentin. Bayan wata 2 ko 3 ana iya murza shi a hankali da tsohon ƙyalle mai laushi, sai ya ɗauki ɗan sheƙi. Banish ba dole ba ne, yana ma sauya launukan ya duhunta su. Wanda ya nace sai ya sa, ya jira aƙalla shekara guda, kuma ya fara gwadawa a kan wani guntun allo da aka shafa da launukan nan a rana ɗaya da zanen.